Katangar tare ƙarar titi: abin da take iyawa da abin da ake ɗora mata

Idan ka taɓa kallon fim ɗin Amurka inda mota ke sharara gudu a babbar hanya, wataƙila ka lura da wata doguwar katangar kankare da ke bin gefen titi, ta ninka tsayin mutum sau biyu ko uku, ba ƙofa ba taga, har iya ganinka. Gidajen mutane ne a bayanta. An gina ta ne don ta tare ƙarar motoci kada ta kai musu.

Amurkawa sun zuba kuɗi a wannan katanga ba na wasa ba. Alƙaluman hukumar kula da manyan hanyoyin tarayyar ƙasar sun nuna cewa zuwa ƙarshen 2010 an gina sama da mil 2,700 nata, a kan kuɗin da ya haura dala biliyan 5 a darajar kuɗin wannan shekarar. In ka raba, kowane mil ya ci kusan dala miliyan 2. Shi ya sa duk inda aka tayar da zancen kare gidaje daga ƙarar babban titi, katanga ce ke fara zuwa baki, sai a biyo ta da shawarwari biyu: shuka itatuwa, da sa taga mai gilashi biyu.

Ina da ja a kan wannan jeri, mai karatu. Katanga tana aiki, zan kuma nuna maka yadda take yi. Amma ita ce matakin ƙarshe, kuma mafi tsada, aka mayar da ita na farko. Duk wanda ya kwaikwayo ta ido rufe zai kashe kuɗi mai yawa a kan sauƙi kaɗan, mutanen da suka fi shan wahalar kuma su ne ba za ta kai gare su ba.

“Ai na saba”

Kafin mu shiga lissafi, bari mu kawar da wata magana. Tambayi duk wanda gidansa ke bakin titi yadda yake barci, zai ce maka ya saba. Gaskiya ne hankalinsa ya daina lura, amma jikinsa bai daina ji ba. Ido yana da fatar da ke rufe shi, kunne ba shi da ita. Ko kana cikin barci mai nauyi, in tirela ta wuce da ƙara, ƙwaƙwalwa tana ɗaukar abin a matsayin alamar haɗari. Bugun zuciya ya ƙaru, jijiyoyin jini su tsuke, barcin ya koma mara nauyi ba tare da ka farka ba. Da safe ba za ka tuna komai ba, sai dai gajiya. A maimaita wannan sau da yawa kowane dare, shekara da shekaru, sai ya zama matsalar lafiya.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ƙarar muhalli na yankin Turai. Bayan tace binciken da aka yi, ta samu cewa duk ƙarin desibel 10 na ƙarar titi yana tafiya da ƙarin kusan kashi 8 cikin 100 na haɗarin cutar toshewar jijiyoyin zuciya. Ta ba da shawarar kada ƙarar titi ta wuce desibel 53 a matsakaicin yini da dare, da dare kuma kada ta wuce 45. Hukumar muhalli ta Tarayyar Turai, a rahotonta na 2020, ta ƙiyasta cewa ƙarar muhalli, wadda mafi yawanta daga tituna take, tana da hannu a mutuwar mutum 12,000 kafin lokacinsu, da sababbin masu cutar zuciya 48,000, duk shekara. Wannan fa a Turai ke nan, inda ake duba lafiyar motoci, ake kuma tsawatarwa a kan danna hon.

Lissafin desibel yana da yaudara

Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti, amma ba ya tafiya kamar mudu da kwano, inda biyu ya ninka ɗaya. Riƙe abu uku. In ka rage yawan motocin titi da rabi, ƙarar za ta sauka da desibel 3 kacal, kunne ma da ƙyar zai lura. Saukar desibel 5 kowa zai ji ta. Kafin kunnenka ya ce ƙarar ta ragu da rabi kuwa, sai ta sauka da desibel 10, wato sai an kawar da kashi 9 cikin 10 na ƙarfin sautin.

Nisa ma haka yake. Titi mai cunkoso dogon layin sauti ne, don haka in ka ninka nisanka da shi, desibel 3 kake samu a kan ƙasa mai tauri, ko kusan 4.5 in ƙasar mai laushi ce mai ciyawa. Daga mita 15 zuwa 30 ka samu 3, daga 30 zuwa 60 ka ƙara 3. Shi ya sa mitocin farko na bakin titi suka fi kowanne daraja, kuma su ne aka fi rububin ginawa a kai.

Abin da katanga ke iyawa

A ba ta haƙƙinta. Da zarar katanga ta kai tsayin da zai hana ka ganin motar, ta rage maka kusan desibel 5. Kowace mita ɗaya da aka ƙara a sama tana ƙara kusan 1.5. Katangar da aka gina da kyau takan rage tsakanin 5 zuwa 10 ga gidajen da ke dab da bayanta. Wannan sauƙi ne na gaske, musamman ga wanda ke zaune a tsakar gida ko a ɗakin ƙasa. Ba ta kuma buƙatar wani kaya na musamman. Nauyi take so, kamar kilo 20 a kowace murabba'in mita, kuma kada a bar rami ko tsaga. Bulo da aka shafe da siminti ya wadatar. Tudun ƙasa ma yana yin aikin, har yakan ɗan fi katanga mai tsayi ɗaya da shi, saboda ƙasa na shanye sauti.

Inda take gazawa

Matsalar farko ita ce sauti yana lanƙwasawa. In ya iso kan katanga sai ya karyo ya sauko bayanta, kamar yadda ruwa ke zagaye dutse. Yawan lanƙwasawar ya danganta da kaurin sautin. Siririn sauti mai girgiza 1,000 a daƙiƙa, tsawon zangonsa kusan santimita 34 ne, katanga tana tare shi da kyau. Sauti mai kauri mai girgiza 100 a daƙiƙa kuwa, irin rugugin injin tirela, zangonsa ya kai mita 3.4, kusan tsayin katangar kanta, don haka yana tsallake ta cikin sauƙi. Abin da ke ratsa bango ya girgiza maka ƙirji da tsakar dare, shi ne katanga ta fi kasawa a kai.

Ta biyu, inuwarta gajeriya ce. Hukumar hanyoyin Amurka da kanta ta ce amfanin katanga ya fi yawa a cikin kusan mita 60 daga titi. Layin gidaje na farko ya more, na biyu ya ɗan samu, na can baya kusan babu. Wanda ke saman bene yana hango motoci ta kan katangar, to, duk abin da idonsa ya gani kunnensa zai ji.

Ta uku, yanayi yana karya lissafin. Ka tuna yadda a lokacin hunturu, da asuba, kake jin kiran salla daga unguwa mai nisa tangaram, alhali da rana tsaka ba ka jin sa? Da dare ƙasa tana hucewa, iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama sanyi. Sauti ya fi gudu a iska mai ɗumi, don haka wanda ya nufi sama sai ya sunkuyo ya dawo ƙasa. Haka ma in iska na busowa daga titi zuwa gidanka. A irin wannan lokaci ƙarar titi takan bi ta saman katanga ta sauka a gidaje masu nisa. Wato a daidai lokacin da ake barci katangar ta fi rauni.

Ta huɗu, ba ta son ɓaraka. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce katanga ta zarce gidan ƙarshe da ninki huɗu na nisan da ke tsakanin gidan da ita, ta kowane ɓangare. Duk wata ƙofa ko mashigar mota da aka buɗe a tsakiya, ta nan ƙara za ta kwararo. A Amurka wannan yana yiwuwa saboda manyan hanyoyinsu a killace suke, ba a shiga sai ta mahaɗa. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai kuma batun wa ke samu. A ƙa'idar tarayyar Amurka, ana duba yiwuwar gina katanga ne in za a yi sabon titi ko za a faɗaɗa tsoho, kuma aka hango ƙarar za ta kusanci desibel 67 a sa'ar da ta fi hayaniya. Hanyar awon ba ɗaya ba ce sak da ta Hukumar Lafiya ta Duniya, amma tazarar da ke tsakanin 67 da 53 ta isa ta nuna maka cewa mutum zai iya zama a ƙarar da ke cutar da shi, doka kuma ta ce bai cancanci komai ba. In titin tsoho ne kuma ba a taɓa shi ba, ba dole a kan jiha ta gina. Ko an cancanta ma, sai an raba kuɗin katangar da yawan gidajen da za su amfana. In gidajen tsiraru ne, sai a ce aikin bai biya ba.

Itatuwa da tagogi

Shuka itatuwa abu ne mai kyau, ka shuka. Suna ba da inuwa, suna tare ƙura, suna kwantar da hankali, kuma wanda ba ya ganin titi yakan ji kamar ƙarar ba ta dame shi sosai ba. Amma kada a ruɗe ka. Kafin itatuwa su rage desibel 5, sai an samu kurmi mai kauri da duhu, wanda ido ba ya ratsawa tun daga ƙasa, mai faɗin kusan mita 30. Layi ɗaya na darbejiya a ƙofar gida kusan ba ya motsa ma'auni.

Taga mai gilashi biyu kuwa tana aiki sosai, da sharaɗi ɗaya: ta kasance a rufe ruf. Da ka ɗan buɗe ta, yawancin amfanin ya tafi. Wannan shawara an haife ta ne a ƙasashen sanyi, inda dama ake rufe taga, ko inda na'urar sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana. Ka gaya wa mutumin da ke Kano ko Maraɗi a watan Afirilu, ba wuta, ya rufe taga ya kwanta, ka ga irin kallon da zai yi maka. Mutane da yawa ma a tsakar gida suke kwana a lokacin. Ka lura kuma da inda shawarwarin nan biyu ke ajiye nauyin: a kan mai gida da aljihunsa, shi da bai yi titin ba, bai kuma tuƙa motar ba.

Daga ina ƙarar take fitowa?

Mutane da yawa suna zaton injin ne. A ƙaramin gudu haka ne. Amma da ƙaramar mota ta wuce kilomita 30 zuwa 40 a sa'a, ƙarar taya a kan titi ce ke rinjaye. Babbar mota sai ta ƙara gudu fiye da haka kafin tayarta ta rinjayi injin, amma a babban titi ita ma tana kaiwa. Taya tana dukan tsakuwar titi tana girgiza, tana kuma matse iska a cikin zanenta ta sake ta, sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Shi ya sa motar lantarki, da ake yabon shirunta a cikin gari, ba ta da wani babban bambanci da mai fetur in suna gudu a babbar hanya.

In daga taya da fuskar titi ƙarar take, to nan ya kamata a fara. Ƙasar Holan ta bi wannan hanya. Mafi yawan manyan hanyoyinta an shimfiɗa su da wata kwalta mai ƙananan ramuka kamar soso, wadda ke barin iska da ruwa su shige. Tana rage 'yan desibel, kamar 3 zuwa 4 idan aka gwada da kwalta ta yau da kullum, mai hawa biyu kuma ta fi haka. Ka tuna desibel 3 daidai yake da kwashe rabin motocin titin. Babban fifikonta shi ne kowa yana samu: layin farko, layin goma, mai bene, da na ɗaya gefen titin. Jihar Arizona ta Amurka ta gwada wani abu makamancin haka daga 2003, da kwalta da aka gauraya da niƙaƙƙun tsofaffin tayoyi a hanyoyin birnin Phoenix. Sai dai a ƙa'idar tarayyar Amurka, nau'in shimfiɗar titi ba ya cikin matakan rage ƙara da aka amince da su, in ban da irin wannan gwaji. Hujjarsu tana da ƙarfi: shirun kwalta yana raguwa in ta tsufa, ramukan su toshe, katanga kuwa tana nan tsaye shekaru da yawa. Amma sakamakon shi ne kuɗin ya karkata ga katanga, ko a inda wani matakin zai fi amfanar jama'a.

Gudu ma haka. Rage kilomita 10 a sa'a yakan sauke desibel 1 zuwa 2. Kaɗan ne, amma kusan kyauta ne. Birnin Paris ya rage gudun da aka yarda da shi a hanyar da ta kewaye shi daga kilomita 80 zuwa 70 a 2014, sannan zuwa 50 a watan Oktoban 2024, kuma ƙarar da ke damun mazauna gefenta tana cikin dalilan da aka bayar. Babu mataki ɗaya a nan da ya kai katanga shi kaɗai. Amma haɗa shimfiɗa mai shiru da rage gudu da 'yar tazara, ka kai abin da katanga ke bayarwa, kuma ba ga layin farko kaɗai ba.

To, a namu titunan fa?

Yanzu mu koma kan batun ɓaraka. Bi hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, ka tsaya a Tafa, ko Mararrabar Jos, ko Kwanar Ɗangora. Titin ya ratsa tsakiyar rayuwar mutane. Mai shayi, mai faci, mai tsire, masallaci, shago, duk titin suke fuskanta, da shi suke ci. Katanga mara ƙofa a irin wannan wuri za ta raba mutane da abincinsu, ta kuma raba gari biyu. In aka huda mata ƙofa a kowace mita ashirin don a shiga shago, ta tashi daga aiki. Tana iya dacewa a wasu wurare, kamar gefen gadar sama, ko bayan asibiti da makaranta, ko sabuwar hanyar da ta kewaye gari. A matsayin maganin gama-gari kuwa, ba ta dace da yadda muke zaune ba.

Irin ƙararmu ma daban ce. Abin da ke tayar da mutum daga barci ya fi zama ƙarar farat ɗaya: hon ɗin tirela, fasasshiyar salansa, tifa ba kaya ta faɗa rami ta yi kwaram, ko babbar mota ta taka birki a tudun rage gudu sannan ta ja giya da gurnani. Matsakaicin awo yana ɓoye waɗannan, kuma yawancinsu gyara da bin doka ne maganinsu. Tudun rage gudu yana ceton rai, ba a musun wannan, amma inda aka ɗora shi da yadda aka siffanta shi su ke yanke ko maƙwabtansa za su runtsa. Kwalta mai ramuka irin ta Holan ma kada a kwaso ta kai tsaye, domin ƙurar hunturu da lodin da ya wuce ƙima abokan gabanta ne.

Akwai kuma shawarar da ake yankewa a yanzu haka. Tun 2023 ma'aikatar ayyuka ta tarayyar Najeriya ta karkata ga yin manyan hanyoyi da kankare saboda ƙarko. Ƙarar titin kankare ta dogara sosai a kan zanen da aka yi wa fuskarsa tun yana ɗanye don kada taya ta zame. In an ja zanen a gicciye, daidai wa daida, taya tana fitar da wani siririn kuka mai shiga kunne. In an ja shi a tsaye, yana bin tsawon titin, ko aka goge fuskar da inji daga baya, ƙarar tana raguwa da desibel da dama. Aikin rana ɗaya ne, amma mutanen gefen titin za su kwana da shi shekaru da yawa. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin a zuba kankaren ya kamata a yi wannan tambaya. Doka ma ta ba da ƙofa. Najeriya tana da dokar tantance tasirin manyan ayyuka a kan muhalli tun 1992, wadda ta tanadi a baje rahoton don jama'a su duba su yi magana, hukumar NESREA kuma tana da ƙa'idojin ƙara tun 2009.

Abin da ke hannunka

In kana neman fili, tazara ita ce mafi arhar kariya. Kada ka duba wurin da rana kaɗai, je ka tsaya a can bayan isha'i ko da asuba ka saurara. In filin na bakin titi ne, koyi da tsarin gidan Hausa na gargajiya: zaure a gaba, katanga mai kauri a kewaye, ɗakuna suna kallon tsakar gida, ɗakin kwana can ƙurya. Masana sauti a yau suna ba da shawarar kowane gida ya samu ɓangare mai shiru da za a sa ɗakin kwana a ciki, wanda za a iya buɗe tagarsa. Sa shago, sito, garejin mota da kicin a ɓangaren titi, su zame maka katanga mai kawo kuɗi. Gini ya fi katanga tsayi da kauri.

In gidan ya riga ya ginu, fara da ramuka. Sauti yana bin duk inda iska ke bi: ƙasan ƙofa, gefen taga, tsakanin bango da rufin kwano. Rufin kwano mara silin ƙofa ce a buɗe ga ƙara. Katangar gida kuwa, in za ka ɗaga ta, ta kai inda ba ka hango motar daga inda kake kwana, kuma kada ka sa mata bulo mai huji na ado ko ƙofar ƙarfe mai raga a ɓangaren titi.

Ka kuma auna da kanka. Manhajar auna sauti ta waya ba ta kai na'urar ƙwararru ba, amma ta isa gwada wuri da wuri. Auna a ƙofar gida, a tsakar gida, da ɗakin baya, da rana da kuma ƙarfe biyun dare, har mako guda, ka rubuta. In ku goma a layinku kuka yi haka, ranar da aka zo taron faɗaɗa titi kuna da takarda a hannu, da tambayoyi uku: wane irin zane za a yi wa fuskar titin, wane gudu za a ƙayyade a cikin gari da dare, kuma a ina manyan motoci za su riƙa kwana?